Aji a Gindin Bedi

Shekara ashirin da shida ina ɗakin kati,
asibitin gwamnati, nan cikin Katsina.
Faɗa mani sunanka da shekarar da ka fara zuwa,
kafin ka rufe baki katinka na hannuna.
Na san kantar da ɓera ya ci,
na san wadda yoyon damina ya ɓata.

Sai ga takarda daga ofishin sama:
kowa ya yi kwas ta intanet, mako takwas,
wanda bai kawo shaida ba ya manta da ƙarin girma.
Na karanta, na ninke, na sa aljihu,
na hau babur har Ƙofar Marusa
ban ɗaga wa kowa hannu ba.

Murja, autata, ita ta yi mani rajista.
"Baba, me za a sa kalmar sirri?"
Na ce sa sunan kakarki.
Ta ce sun ƙi, sai an haɗa da lamba.
Tsohuwar da ba ta taɓa ƙirga shekarunta ba,
yau ga ta da lamba huɗu a baya.

Aji na zama bayan isha'i.
Sabis ba ya shiga ɗaki,
sai gindin bedi, dab da turken akuya.
Nan na kafa kujera, tabarau a karan hanci,
waya mai tsagaggen gilashi a tafin hannu,
sauro na karɓar nasa kuɗin makaranta.

Malamar tana Jos ne ko Ilori, ban tantance ba.
Ba ta kai babbar ɗiyata ba.
Wani sa'in ta daskare, baki buɗe, tsakiyar kalma,
in yi ta jira kamar mai jiran canji a kanti.
Daren farko na manta ban rufe murya ba,
akuya ta yi kuka, mutum arba'in suka ji,
wani daga Gombe ya rubuta: a gaida ɗaliba.

Jarrabawar farko, data ta ƙare a tambaya ta tara.
Arba'in da takwas, da ja.
Rabona da jan maki tun firamare a Rafindadi.
Na ture tuwo.
Barira ta ce, "To, wa ya aike ka?"
Da safe na ga dubu ɗaya ƙarƙashin hulata,
kuɗin adashenta.

Mako na shida malama ta kawo tambaya:
majinyata biyu, suna ɗaya, sunan uba ɗaya,
gari ɗaya, ba wanda ya san ranar haihuwa.
Na'ura ta ce mutum ɗaya ne. Yaya za a yi?
Aji ya yi tsit.
Na danna murya, yatsa na rawa.
Na ce kowane Sani a garin nan
yana da sunan da kaka ta laƙa mashi,
wani Tanko, wani Ɗanjuma, wani Maiwake.
Ku tambayi wannan, ku tambayi mai unguwa.
Ta ce, "Malam Sada, maimaita a hankali."
Na ji ƙarar maɓallanta, tana rubutawa.

Shaida ta zo, hoto ce kawai a waya.
Na kai shagon Bishir a Ƙofar Ƙaura,
ɗari biyar ya buga mani a takarda mai kauri.
Sun ƙara wa sunana harafi ɗaya.
Ni da na gyara sunan dubban mutane,
na bar shi haka.

Litinin ga kwamfuta a kan teburina.
Ƙarfe goma aka ɗauke wuta,
layi ya kai bakin ɗakin magani.
Na tashi zuwa kantoci, hannu bai manta ba.
Sha biyu wuta ta dawo,
na zauna na shigar da su ɗaya bayan ɗaya,
da yatsa biyu, ina cizon leɓe.

Jiya Murja ta ce akwai wani kwas watan gobe.
Ban ce mata e ba.
Na dai tambaye ta nawa data ta koma,
na kuma matsar da turken akuya.