Rabin Inci

A kan teburin kicin ɗinmu suka auna ta,
gefen kofin gahawar da ban ƙarasa ba,
suka ce bakinta ya gaza da rabin inci.
Rabin inci, Lorna.
Faɗin farcen babban yatsana ya fi shi.

Shekara goma sha ɗaya tana rataye bayan ƙofa,
ba ta taɓa cin kowa ba
sai gwangwanayen wake da nake jerawa kan shinge.
Ƙarfen da na ɗaura mata a baki,
wata takarda ta ce a lissafa da shi,
wata ta biyo daga Washington ta ce a'a.
Ni ina kwance ƙarƙashin tarakta, hannu duk baƙin mai,
ban ji lokacin da na zama mai laifi ba.

Su ne fa suka koya min
kwance bindiga da ɗaura ta ido a rufe.
Ina ɗan sha tara, Sajan Okerlund na riƙe da agogo.
A lokacin ba wanda ya zo da ma'auni.

Nan kuwa, duk sanda na ratsa ƙofar bincike
sai na'ura ta fasa ihu
saboda ɓarɓashin bam da ke ƙuguna tun Kandahar.
Mai gadin yaro ne, kunya yake ji.
Na ce masa, laluba, ɗana,
wannan ƙarfen da izinin gwamnati na ɗauko shi.

Lauya ya ce a tsallaken kogi
wani alƙali ya sallami mai irin laifina.
Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, gada ce kawai tsakani.
An ci moriyar ganga, in ji zuciyata.
Sai in tuna matar nan ta bencin baya a kotu,
da hoton ɗanta manne a ƙirji.
Ban san ta ba. Ba ni na harbe shi ba.
Amma na kasa haɗa ido da ita,
har yau ban gane dalili ba.

Saura wata ashirin da shida.
Kar ki sayar da taraktar, kiloci ne kawai ya mutu.
Lambar yabon nan, bar ta a aljihun tebur
tare da batura da tsofaffin makullai.

Abu ɗaya nake roƙo:
ki tsayar da Tessa jikin ƙofar ɗaki,
ba takalmi, dugadugai a ƙasa,
ki ja layi da fensir saman kanta.
Ki rubuto min nawa ta ƙaru,
ko da rabin inci ne.