Bishiyar da Ban Nuna Ba

A Katoomba, kan dutse, inda gajimare ke kwana a kwari,
gidana na tsakanin itatuwan turare biyu.
Babbar ta girmi layin dogo, ta girmi garin.
Ƙaramar Desmond ne ya dasa da hannunsa
shekarar da muka gama biyan bashin gida.
Shi ya tafi. Aka bar ni, daga ni sai bishiya.

Daren Laraba iska ta taso daga yamma,
reshe ya faɗo kan kwanon rumfar mota,
ƙarar ta tashe ni zaune.
Na ce babbar ce, ta tsufa, ta gaji da tsayuwa.
Kafin Disamba ya zo da gobarar daji,
gara a sare ta in kwana lafiya.

Troy ɗan maƙwabta ya leƙo ta shinge:
"Glenys, ina da injin yanka, ina da tsani,
dala ɗari biyu, ran Asabar na gama."
Na dubi tsanin nasa, na dubi wayar lantarki
da ta ratsa rassan kamar zare a allura.
Araha ba ta ado,
balle ta hau sama babu igiya.

Wani daga Sydney ya yanka mini farashi ta waya,
bai ga gangaren ba, bai ga rufin ba.
Na ce masa na gode, Allah ya kiyaye hanya.

Sai Narelle Kostas, 'yar layin bayan asibiti,
wadda na sani tun tana faɗuwa daga keke.
Ta zo da hular kwano da takardar inshora
da wata ƙaramar guduma a ƙugu.
Ba ta ɗaga kai ba tukuna. Durƙusawa ta yi,
ta tona gindin babbar, ta shinshina ƙasa,
ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne
kamar likita a ƙirjin majinyaciya.

"Wannan lafiyarta ƙalau. Aski take so,
rassa uku ko huɗu. Sai ta ga bayanmu."
Sannan ta juya. Ni ban nuna mata can ba.
Ta buga wa ta Desmond sau ɗaya tak,
sautin ya dawo fanko, kamar an yi tari a rijiya.

"Gara ta gama da cikinta, ɓawo ne a tsaye.
Reshen daren nan nata ne."
Na ce ina, dubi ganyenta shar!
Ta zura yatsa a wani rami, ta ciro gari,
ta zuba mini a tafin hannu, ta yi shiru.
Na daɗe tsaye ina riƙe da gaskiya.

Da izinin hukumar gari ya fito, suka zo su uku.
Ta hau, ta ɗaure, daga ƙoli ta fara,
gunduwa-gunduwa, kowace na saukowa a hankali,
ko tumatir ɗina ɗaya bai karye ba.
Fararen aku na can kan babbar suna ta zagi.
Ni ina kicin, kofi ɗaya na wanke sau biyar,
injin na ci a waje, yana ci a zuciya.

Dala dubu da ɗari takwas. Ban nemi ragi ba.
Ta yi wa gara magani, ta share tsakar gida,
ta bar mini kututture daidai gwiwa,
ta ce, "Gefen nan da sauran ƙwari, zai ɗauke ki."

Yanzu rana na shiga ɗakin
da ya yi shekara talatin bai san ta ba.
Har yau ban saba ba.
Da la'asar nakan fito da shayina,
in zauna a kan abin da ya dasa,
a inuwar wadda na so a kashe.
Ko ta ji abin da na faɗa a kanta, oho.
Ganye take zubo mini a kofi,
ni kuwa ban tashi neman tsintsiya.