Tikitin Zuwa da Dawowa

Shekara talatin ina tuƙa taragon lantarki a Porto,
ina kai mutane inda ba ni zan sauka ba.
Na ajiye aiki ina da hamsin da biyar,
tun gwiwa ba ta fara tsegumi ba.

Yanzu Talata tamu ce, ni da Leonilde.
Asabar mun bar wa masu albashi.
Mukan yi sammako, kofi a fulas,
burodi, kifin gwangwani biyu,
da lemon da ya yi wa maƙwabcinmu Gaspar yawa.

Jirgin ƙasa na bin kogin Douro
kamar ɗan maraƙi bayan uwarsa.
Gonakin inabi sun hau tudu, bene bisa bene.
Ashe taga na da daɗi haka
in ba kai ke riƙe da birki ba.

A Pinhão ta tsaya gaban wani gyale shuɗi,
yuro ashirin da huɗu.
Ta shafa, ta juya, ta mayar.
"Wannan ai Aveiro ce, zuwa da dawowa," in ji ta,
"har da askirim ɗaya, cokali biyu."

Da dare na buɗe ɗan littafin lissafi.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
Yau rarar yuro uku.
Na bari sai da numfashinta ya yi nisa,
na zura su a tsohon gwangwanin zaitun
da na ɓoye bayan takalman aikina,
mai ɗan rubutu a murfi: gyale.