Tafin Hannu a Bayan Ginshiƙi

Ƙarfe tara muka hau bas a Farin Gada,
mu goma sha ɗaya, da kulolin abinci, da laima,
don sararin Jos ba ya yi wa kowa alkawari.
Kawu Mato a gaba, sanda tsakanin gwiwoyi.
Ni na biya masa kuɗin kujera,
shi kuwa sai mita yake:
"Yanzu kallon ƙasa ma sai an biya?
Ƙasar da na taka har ta cinye mini diddige?"

Jagoranmu Izang, yaro mai farar riga,
kati a wuya, murya irin ta mai karanta labarai.
Ya ce, "Ku biyo ni. Ban da taɓa bango.
Ga kwaikwayon ganuwar Kano,
ga na masallacin Zazzau, ga na fadar Katsina."
An ciro su daga nesa an kafa a ƙasar duwatsu
kamar dashen albasa.

Hajiya Tasalla ta miƙo mini wayarta:
"Ɗauke ni, amma ka tabbata zankon ya fito."
Zanko ya fito. Rabin ɗankwalinta ne bai samu shiga ba.

Muka kutsa soro.
Sanyi ya tarbe mu a bakin ƙofa,
sanyin cikin randa, ba irin na kan tsauni ba.
Baka ya taso daga hagu, wani daga dama,
suka haɗa kai can sama kamar masu shawara.
Jemagu a rataye suna sauraron darasi.
Izang yana jero shekaru, yana ƙirga taku,
ba ya tuntuɓe, ba ya numfashi.

Sai Kawu ya jingine sanda.
Yana ta rufe masa ido tun bara,
yatsu ne yanzu ke yi masa gani.
"Baba, an hana..."
"Wa ya hana?
Yaro, wannan da ka kira siminti makuba ce,
ɓawon ɗorawa, mu muka jiƙa shi.
Ina ɗan sha shida ni ke cuɗa ƙasa,
ni ke cilla tubali sama,
maigidana Jatau yana cafewa bai ko duba ba.
Azarar nan giginya ce. Gara ta gwada, ta haƙura."

Ya durƙusa a bayan ginshiƙi,
can ƙasa, inda sabon yaɓe bai taɓa kaiwa ba,
ya lallaɓa, ya lallaɓa,
ya tsaya.
Tafin hannu ne a jikin laka, yatsu biyar a buɗe.
Ya ɗora nasa a ciki.
Hannun ya rame. Gurbin ya yi masa yawa.

Ba wanda ya ɗaga waya, har Hajiya Tasalla.
Izang ya zaro biro, ya juya bayan tikiti:
"Baba, yaya ka ce sunan wannan rufin?"
"Ɗaurin guga."
"Sake faɗa, a hankali."

Da azahar muka gangara Gangare,
lungu yana haifar lungu,
tsofaffin gidajen 'yan haƙar kuza
sun dafa kafaɗar juna don kada su zube.
Kawu ya ƙirga ƙofa bakwai daga masallaci,
ya ce nan ya kwana shekara tara.
Bulo ne yanzu, da rufin kwano,
shagon cajin waya, janareta yana tari.
Na ce, "Kawu, ba za ka taɓa ba?"
Ya ce, "Babu abin da hannu zai karanta a nan."

Ruwa ya sauko ba sallama.
Muka fake a rumfar mai shayi,
Izang ya hana kowa biyan na Kawu,
ya zauna kusa da shi a benci, tikiti ya cika da rubutu,
ya ari nawa.

A hanyar komawa direba ya ƙirga mu, mun cika.
Na ba Kawu ruwan leda ya wanke hannu,
ya karɓa, ya sha.
Kafin mu kai Terminus ya yi barci,
tafinsa a buɗe bisa gwiwa,
jar ƙasa a ƙarƙashin farce.