Abin da Gara Ta Ci

A rumfar Malam Nomau, kasuwar Jega, na same shi
ƙarƙashin buhun albasa, ba bango.
Naira ɗari biyu. Gara ta riga ni karanta tsakiyarsa.

Cikinsa akwai saurayi mai takobin da ke magana,
da doki mai fiffike, da dodo mai kai bakwai,
kowa da sunansa, har dokin.
Ita kuwa 'yar sarki kawai aka ce.
An ajiye ta a soro tun shafi na uku,
gashi har gadon baya, wuya kamar na barewa,
ba ta ƙara motsi ba sai shafi na casa'in
inda aka miƙa ta tukuici, haɗe da rabin gari.

Sai tsohuwar bakin rafi mai cewa a cuɗa mata baya,
ta nuna hanya, a wuce, a manta ta.
Sai mayya. Sai aljana mai kofato.
Matan littafin sun ƙare ke nan.

Na karanta wa Inna Tasalla da dare a Yelwa,
tana gyaran koma, fitila tsakaninmu.
Ita ce ta tsamo maza uku
shekarar da jirgin gero ya kife,
tafinta duk kanta saboda filafili.

Ta ce, "Wa ke kai mata ruwa can sama?"
Na ce ba a faɗa ba.
"Shekara bakwai, ba ta leƙa taga ta auna ƙasa ba?
Zane nawa gare ta? Huɗu sun isa igiya."
Na ce, Inna, haka aka rubuta.
Ta ciji zare, ta tofar.
"Wanda ya rubuta bai taɓa jiran kowa ba."

Na nuna mata gurbin da gara ta cinye,
shafi goma sha ɗaya, sai gari-gari.
Ta shafa da babban yatsa, ta ce, "To, nan take.
Ɗauko biro."

Mun sa mata suna Hajo.
Ta sauko a dare na tara, gwiwa a kuje,
ta sayar da warwaronta, ta sayi kwalekwale.

Na ce, saurayin fa?
"Ya iso. Ya tarar da taga a buɗe.
A ba shi ruwa, ya sha rana.
Matso da fitilar nan, ban ga ramin allura ba."