Laraba, Saman Gidan Burodi

A Peterhead, in hunturu ya kankama,
tun ƙarfe uku da rabi rana ke yin sallama.
Ɗana Lachlan ya riga ta faɗuwa:
wata biyar ƙofarsa a garƙame,
in ajiye abinci, ya huce, in ɗauke.

Teku na sani.
Shekara ashirin da shida ina karanta fuskarta
kafin ta yi fushi.
Amma yaro ɗan sha huɗu, jinina,
na tsaya gabansa kamar baƙo a kasuwar da ba ya jin yarenta.
Na ce lalaci ne. Na ce wayar nan ce.
Na ce, mu a zamaninmu...
sai Kirsteen ta ɗaga mini hannu,
na haɗiye sauran.

Likita ya rubuta takarda.
Asibiti suka ce mu bi layi, wata tara.
Wata tara! Ai ya isa a haifi wani yaron.

Mai sayar mana da burodi ce ta raɗa wa Kirsteen:
"Ku hau sama ran Laraba. Can ba a tambayar takarda."

Matakala sha bakwai. Na ƙirga su
don in manta da kunyar da ke bina a baya.
Ɗaki mai ƙamshin yis da jiƙaƙƙun riguna,
kujeru babu biyu masu kama,
tsofaffin kekuna uku a kife, ƙafafu sama,
yara na kwancewa suna ɗaurawa.
Ishbel, mai furfura, baƙin mai a goshinta,
ba ta ce masa "me ke damunka" ba.
Sifana ta miƙa masa: "Riƙe mini nan."
Ya riƙe.

Mu iyaye aka kora mu kicin.
Shayi mai kauri, kofuna masu tsaga.
Ga wata kaka mai riƙon jikoki biyu,
ga direban tirela wanda 'yarsa ta daina cin abinci.
Ashe ba a gidana kaɗai ake tafiya da sanɗa ba.

Mako uku ban ce uffan ba.
A na huɗu direban ya dube ni:
"Kai fa, wa ke jin taka?"
Sai na ji bakina ya kira Fergus,
ƙanena da ruwa ya ci wata Nuwamba,
sunan da ban furta a gida ba
tun kafin a haifi Lachlan.
Na rufe shi a ƙirji, na zauna a kan murfin,
na sa wa abin suna jarumta.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe:
ni na koya wa yaron nan kulle ƙofa.

Daren nan a mota, ana yayyafi,
yana kallon gilashi, ba ni ba, ya ce:
"Baba, ji nake kamar ina ƙarƙashin ruwa.
Ina ganin bakinku na motsi,
ba na jin kome."

Ban ce masa ya daure ba.
Na faka kusa da tashar jiragen ruwa, na kashe inji.
Na ce, "Kana da baffa. Bari in gaya maka sunansa."
Muka zauna har gilashi ya yi hazo,
har Kirsteen ta buga waya sau biyu.

Kada wani ya ce na ce an warke.
Jiya ma ƙofar ba ta buɗe ba sai la'asar.
Takardar asibiti ta iso, za mu je,
Ishbel ta ce za ta raka mu in muna so.

Keken nan shuɗi ya sami sarƙa,
tayoyi sun sha iska,
birki ne har yanzu babu.
Lachlan ya ce sai Laraba.
Shi ya faɗa, da bakinsa,
tun ban tambaya ba.