Gurbin Injin Iska

A garejin Nomau, bayan tashar Tawa,
bakin motata a buɗe yake tun hantsi.
Injin iska na zaune bisa tsumma a ƙasa
kamar baƙon da ba a nuna wa ɗaki ba.
Jikka tamanin na zuba a kansa,
kuɗin bijimin da na fasa saye.

Nomau ya ce: gaba, kusa da batir,
waya gajera, aiki gajere.
Na ɗora tafin hannu a wurin, na janye.
Awa guda da kashe mota, ƙarfe bai huce ba.
Na ce: ka taɓa bin hanyar Tasara a tsakar bazara?
Can ko ƙwai ka ajiye nan, sai dai ka nemi gishiri.
Abin da aikinsa numfashi ne
ba a kwantar da shi a bakin murhu.

Bizo, yaronsa, ya shige ƙarƙashi,
da ƙafafunsa kawai muke magana.
Akwai fili a nan, in ji ƙafafun, jikin shasi.
Akwai, na ce. Akwai kuma duwatsun Adar
masu tsalle su ciji duk abin da ya leƙo,
akwai ƙoramar da ke gaban Abalak,
wadda bara ta sha mu har ƙofa.
Fito, yaro.

To, baya?
Baya akwai sanduƙin allurar rigakafi,
jarka shida, taya biyu, shebur,
buhun geron da wani ya roƙa a kai wa uwarsa,
wani lokaci har akuya.
In rairayi ya kama ni da magariba
sai na sauke kasuwa kafin in sami iska?

Muka yi shiru. Shayi ya zagayo na biyu.

Sai ga Agali, yana dogara sanda.
Shekara goma sha ɗaya yana zaune a damana,
yana karanta yashi yadda malam ke karanta allo.
Shi ke cewa: tsaya, rage iska.
In mun haye tudun, shi ke sauka da famfon hannu,
bugu ɗari uku kowace taya,
yana ƙirgawa da harshen uwarsa,
har ranar da ƙugunsa ya ce ya isa.

Ya dubi injin. Ya taɓa shi da sanda.
Wannan ne magajina?
Ban amsa ba. Na kalli takalmina.

Ya ce: ƙarƙashin kujerata.
Akwai inuwa, ƙura ba ta kai can da yawa,
ruwa sai ya cinye ku kafin ya same shi,
kuma cikin duhu hannunka ya san hanya.
Ku sa masa roba kada ya ci ƙarfe,
ku juya hancinsa wajen ƙofa.

Nomau ya ce zai dame ku da ƙara.
Agali ya ce: ni ma na dame shi.

Da aka ɗaga kujerar
sai ga ƙwallayen dabino sun fi ashirin,
da ƙaramin kofin shayi mai tsage a baki
wanda ya taɓa rantsewa ni na ɓatar.
Ya karɓa, ya busa, ya sa a aljihu,
bai ba ni haƙuri ba.

Huda huɗu, noti huɗu, waya ta bi gefen ƙofa.
Muka sace tayar gaba don gwaji.
Injin ya kama kururuwa,
na ga leɓen tsohon na motsi a bayan rawani.
Bai kai saba'in ba taya ta miƙe.

Ya ce: yana da sauri.
Ya ɗan jima, ya ƙara:
amma ba zai gaya maka inda za ka tsaya ba.
Jibi da asuba ka biyo ta gida.